BABI NA SHIDA: Halin Jariri da Gadon Hali a Tunanin Bahaushe: Nazari daga Ƙasar Tambuwal da Kebbe

6.0 Gabatarwa

Idan aka yi haihuwa a gidan Bahaushe, bayan an tambayi lafiyar mai jego da jinsin abin da aka samu, tambaya ta uku da ke fitowa daga bakin matan da suka zo barka ita ce: wa ya biyo? Za a karɓi jaririn daga hannu zuwa hannu, a duba goshi da hanci da kunne da yatsun ƙafa, a saurari kukansa, a lura da yadda yake kama nono. Kafin ranar suna ta zagayo, an riga an yanke masa hukunci: wannan kakansa ya ɗauko, waccan kuwa gwaggonta ce ta dawo. Hukuncin bai tsaya ga kamannin jiki ba, yakan zarce har zuwa ga hali. Jaririn da bai cika kwana bakwai ba sai a ji an ce mai haƙuri ne kamar dangin uwarsa, ko mai zuciya ne irin mutanen gidan ubansa.

Wannan darasi zai duba wannan al'ada kamar yadda take a kudancin Jihar Sakkwato, ya auna ta da abin da addini da binciken kimiyya suka tabbatar. Batun ya shafi ɗalibin koyon aikin malanta kai tsaye, domin yaron da zai zo gabansa a aji ɗaya na firamare ba jakar littattafai kaɗai ya rataya ba. Yana ɗauke da wani suna na hali da aka laƙaba masa tun yana zanen goyo, kuma malami ne zai ƙara ɗaure masa wannan kaya ko ya taimaka ya sassauta shi.

6.1 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka a kudancin Jihar Sakkwato. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kuma a ƙasarsa akwai garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna. Kebbe tana kudu da ita, ta yi iyaka da Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro a 1991 da Jihar Zamfara wadda aka ƙirƙiro a 1996, kuma Kuchi na cikin manyan garuruwanta. Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, mafi yawansu manoma da makiyaya, an kuma daɗe ana auratayya a tsakaninsu.

Abu biyu suka sa yankin ya dace da wannan nazari. Na farko, ƙasa ce da ake riƙe da salsala, ana sanin gidan kowa da sana'ar kakanninsa. Ita kanta sarautar Tambuwal tana komawa ne ga Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na biyu, zaman babban gida da auren zumunci suna da ƙarfi a karkarar yankin, saboda haka jariri yakan buɗe ido ne a tsakiyar kakanni da gwaggwanni da baffanni, wato su waɗanda ake cewa ya biyo.

6.2 Kalmomin Fannu

Bahaushe yana amfani da kalmar hali a kan abu biyu da ya kamata ɗalibi ya rarrabe. Akwai halin halitta, wanda ake zuwa da shi duniya: saurin firgita ko natsuwa, yawan motsi ko sanyin jiki, saurin fushi ko jinkirinsa, sabo da baƙo ko ƙyuya. Akwai kuma halin tarbiyya, wanda ake samu ta hanyar koyo da kwaikwayo. A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma da Bahaushe ke auna kirkin mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya dubi waɗannan siffofi da kyau zai ga babu ko ɗaya da jariri ɗan kwana bakwai zai iya nunawa. Jariri ba ya cin amana, ba ya rashin kunya. Abin da ake gani a wurinsa halin halitta ne kurum, amma sai a fassara shi da ma'aunin halin tarbiyya. Jariri mai yawan barci a kira shi mai haƙuri, mai yawan kuka a kira shi mafaɗaci. A nan ne tushen rikicin yake.

Kalmar gado kuwa ta haɗa dukiya da sarauta da sana'a da cuta da kamanni da hali. Aikatau da ake amfani da su wajen bayyana gadon hali su ne biyo, ɗauko, gado da kwaso. A karin harshen Sakkwatanci, wanda shi ne na wannan yanki, tsohuwa takan ce: "Wanga yaro kakanai yab biyo," ko "Wagga ɗiya gwaggonta taɗ ɗauko, har hushin." Ɗalibi ya lura da cewa kalmar kwaso ba ta cika zuwa da yabo ba. Idan aka ce yaro ya kwaso halin wane, galibi ba halin arziki ake nufi ba.

6.3 Hanyoyin da Bahaushe ke Ganin Hali na Bi

Hanya ta farko ita ce jini. Karin magana irin su "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" da "kyan ɗa ya gaji ubansa" sun ginu a kan wannan. Amma abin lura shi ne, a bakin matan da ke duba jariri, ba a cika tsayawa ga uwa da uba ba. An fi kai kama ga kaka ko gwaggo ko kawu ko baffa. Akwai dalilin al'ada a nan. Alkunya ta hana uwa yabon ɗanta, musamman ɗan fari, ta kuma hana a riƙa ambaton kamarsa da mahaifinsa a gaban surukai. Kaka kuwa abokiyar wasan jika ce, tana kiran jikanta namiji mijinta, kakan namiji yana kiran jikarsa matarsa. Don haka ita ce ke da bakin da za ta ce jaririn mummuna ne, ko mai rowa ne kamar kakansa na wancan ɓangaren, a yi dariya a wuce. Sau da yawa hukuncin farko a kan halin yaro cikin wasa yake fitowa, sai dai ba kullum yake ƙarewa a wasa ba.

Hanya ta biyu ita ce nono. Idan Bahaushe ya ce mutum a nono ya sha abu, yana nufin abin ya zauna masa, ba ya rabuwa da shi. Wannan tunani ne ya sa iyaye ke bincikar asalin yarinya kafin a nema wa ɗansu aurenta, shi ne kuma ya sa ake taka-tsantsan wajen zaɓen matar da za ta shayar da jaririn da uwarsa ta rasu. Mafi munin reshen wannan tunani shi ne camfin da ke cewa a nonon uwa ake shan maita. Camfi ne marar tushe, amma ya hana 'yan mata da yawa aure, ya sa an hana yara cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansu yara, ba don wani laifi da suka yi ba sai don wata magana da aka taɓa yi a kan kakarsu.

Hanya ta uku ita ce suna. "Suna linzami," in ji masu iya magana. A ranar bakwai, idan aka mayar wa jariri sunan kakansa, alkunya ba ta barin iyaye su kira sunan, sai a saya shi da laƙabi irin su Abba ko Baba, mace kuwa Inna ko Ummi ko Hajiya. Daga ranar ana sa ran yaro zai yi halin takwaransa. Idan marigayin malami ne, da an ga yaron ya riƙe allo sai a ce ai ga shi nan, mai sunan ne ya dawo. Idan kuwa mafaɗaci ne, duk kukan da jaririn ya yi sheda ce.

Hanya ta huɗu ita ce zama tare, kuma Bahaushe bai jahilce ta ba, tunda shi ya ce "zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Sai dai ba kasafai ake lura da yadda wannan hanya ke shiga rigar ta farko ba. A al'ada, mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in a hannun mahaifiyarta. Idan lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu ko ƙasa da haka, akan kai yaro wurin kaka. Gwaggon da ba ta samu haihuwa ba akan ba ta riƙon ɗiyar ɗan'uwanta, kuma galibi wadda aka sa wa sunanta ake ba ta. To, idan yarinya ta tashi tana magana irin ta gwaggonta, tana tafiya irin tata, tana fushi irin nata, ta yaya za a ware abin da jini ya kawo daga abin da ido ya kwaikwaya a shekara goma na kwana ɗaki ɗaya? Haka abin yake a sana'o'in gado kamar ƙira da wanzanci da fawa da su. Ana cewa "ɗan na gada ya fi ɗan na koya," alhali ɗan na gada shi ma koya ya yi, sai dai ya fara tun yana rarrafe a bakin maƙera.

6.4 Matsayin Addini

Musulunci bai musanta cewa siffa na iya tsallake iyaye ta fito daga kakanni ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗan da matarsa ta haifa saboda launin fatarsa ya saɓa da nasa. Aka tambaye shi launin raƙumansa, da ko akwai mai wani launi dabam a cikinsu, da kuma inda yake ganin wannan launi ya fito. Da ya ce wataƙila daga wani asali ne na can baya, sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka. Hukuncin da ke cikin labarin babba ne: rashin kama ba hujja ba ce ta zargin mace ko kore ɗa.

Haka nan an ruwaito cewa an yabi Ashajju na ƙabilar Abdulƙaisi da haƙuri da natsuwa, kuma aka shaida masa cewa a kansu aka halicce shi. Wannan ya tabbatar da samuwar halin halitta. Amma malamai ba su ɗauki hakan a matsayin rufe ƙofar gyara ba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canzawa, yana mai kafa hujja da cewa da haka ne da wa'azi da horo ba su da amfani, alhali ko dabba ana horar da ita. A wurinsa, ba tumɓuke fushi ake nema ba, daidaita shi ake yi. Bugu da ƙari, ƙa'ida ce sananniya a addini cewa ba a kama wani da laifin wani, ko da ubansa ne.

6.5 Abin da Binciken Kimiyya ya Gano

Tsohuwar da ta ce jarirai ba ɗaya suke ba tun daga haihuwa, gaskiya ta faɗa, kuma ta riga masana da yawa faɗa. A 1956 wasu likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara wani dogon bincike a birnin Niyok na Amurka, inda suka bi rayuwar yara fiye da 130 tun suna jarirai har suka girma. Sun auna abubuwa tara, daga ciki akwai yawan motsi, daidaiton lokacin barci da cin abinci, yadda yaro ke karɓar sabon abu, da ƙarfin kuka ko dariya. Suka gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na jariran masu sauƙin reno ne, kashi 10 masu wuyar reno, kashi 15 kuma masu jinkirin sabo, wato masu ƙyuya da farko amma su sake daga baya. Sauran kashi 35 ba su shiga rukuni ɗaya sosai ba. Babban abin da suka fitar shi ne cewa makomar yaro ba ta rataya ga rukuninsa kaɗai ba, ta fi rataya ga dacewar halinsa da irin renon da ya samu. Yaro mai wuyar reno a hannun mai haƙuri yakan tashi lafiya lau, mai jinkirin sabo kuma a hannun mai gaggawa da tsawa yakan ƙara shigewa cikin ƙwaryarsa.

Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada jarirai 'yan wata huɗu ta hanyar nuna musu sababbin abubuwa da sautuka. Kimanin ɗaya cikin biyar sukan firgita, su yi ta kuka da wutsil-wutsil. Da aka bi su, an tarar sun fi sauran zama masu tsoro da kunya a ƙuruciya, amma da yawansu sun sassauta yayin da suke girma. Halin halitta yana nuna inda yaro ya karkata, ba ya nuna inda zai tsaya.

Akwai wani bincike daga Afirka da ya cancanci a tsaya a kansa. A 1974 wani likita mai suna Marten deVries ya auna halayen jarirai a cikin Masai, makiyayan ƙasar Kenya, ya ware masu sauƙin reno da masu wuyarsa. Sai fari mai tsanani ya auka wa yankin. Da ya dawo bayan 'yan watanni ya samu iyalai 13 daga cikin waɗanda ya ware. A cikin jarirai bakwai masu sauƙin reno, biyar sun rasu. A cikin shida masu rigima, ɗaya kaɗai ya rasu. Adadin kaɗan ne, ba a gina doka a kansa, amma ma'anarsa a fili take: a lokacin yunwa, mai kuka shi ake ba nono. Abin da ake kira mugun hali a wani yanayi, shi ne garkuwa a wani. Wannan gargaɗi ne ga masu yabon jariri da cewa ba ya kuka ko kaɗan, domin wani lokaci shirun na rashin ƙarfi ne da tamowa, ba na haƙuri ba.

Dangane da gado kuwa, tun bayan gwaje-gwajen da Gregor Mendel ya yi a kan wani nau'in wake, waɗanda aka buga a 1866, aka san cewa siffa na iya ɓuya a tsara ɗaya ta bayyana a ta gaba. Kowane mutum yana da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Ke nan uwa da uba daidai suke a abin da suka ba ɗa. A matsakaicin lissafi, yaro yana tarayya da kowane ɗaya daga kakanninsa huɗu a rubu'in ƙwayoyin gadonsa, haka ma da gwaggo ko baffa ko inna ko kawu waɗanda suke shaƙiƙan iyayensa, da taubashinsa kuma a kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka kama da gwaggo ba abin mamaki ba ne. Sai dai ba daga gwaggon abin ya zo ba. Ita da yaron ne suka ɗebo daga rijiya ɗaya, wato kakanni. Inda kuma aka yi auren zumunci, dangin uwa da dangin uba sukan zama mutane ɗaya, don haka gardamar ko daga wane ɓangare mugun hali ya fito ba ta da ma kan gado.

Binciken tagwaye, ciki har da wanda Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minnesota a 1979 a kan tagwayen da aka raba tun suna ƙanana, ya nuna cewa gado yana bayyana abin da ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin halaye a tsakanin mutane. Ragowar na muhalli ne da abubuwan da mutum ya gamu da su. Kuma ba ƙwaya ɗaya ke ɗauke da fushi ko kunya ba, dubbai ne, kowace da ɗan tasirinta, suna sake cakuɗuwa a kowace haihuwa. Shi ya sa "albasa ba ta yi halin ruwa ba" take da gurbi a kimiyya kamar yadda maganar barewa take da shi. Babu wata ƙwayar gado ta sata ko ƙarya ko maita.

6.6 Kukan da Ba na Hali Ba

Kafin a jingina kukan jariri ga kakansa, wajibi ne a kawar da wasu dalilai. Kukan jarirai yakan ƙaru daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, ya ragu a wata na uku zuwa na huɗu. Kimanin ɗaya cikin biyar sukan yi kukan da ya wuce kima a wannan tsakani, musamman da yamma, ba tare da wata cuta ba, kuma yakan wuce da kansa. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro da ciwon kunne da raunin da aka samu wajen cire belu duk suna sa kuka. Ɗura wa jariri jiƙe-jiƙe don ya yi shiru yakan ƙara matsala. Shawarar likitoci ita ce nonon uwa zalla har wata shida.

Cutar sikila ta fi kowane misali nuna bambancin gado na gaskiya da gado na zato. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayarta ba tare da yana ciwo ba. Idan biyu masu ɗauke da ita suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Alamunta sukan fara wajen wata shida, da kumburin hannu da ƙafa da kuka mai tsanani. Yaro irin wannan sau da yawa akan ce rigimamme ne, uwar da 'ya'yanta ke mutuwa a jere kuma a ce wabi take yi, a ɗora mata laifin ita da danginta, alhali idan sikila ce, sai da uba ya ba da nasa rabin. Gwajin jini kafin aure ya fi duk wani binciken asali da ake yi da baki amfani a nan.

6.7 Misali daga Gidan Shehu

Tarihin gidan da ya kafa Tambuwal ya isa misali. Shehu Usmanu uba ɗaya ne, gidansa gidan ilimi ne, kuma 'ya'yansa maza da mata sun tashi da karatu. Amma tarihi ya san Muhammadu Sambo da gudun duniya da sufanci, ya san Muhammadu Bello, Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837, da iya mulki da yawan wallafa, ya san Abubakar Atiku, wanda ya gaje shi daga 1837 zuwa 1842, da tsanani, ya san Buhari na Tambuwal da jarunta da waƙa, Nana Asma'u kuma da karantar da mata. Abin da suka yi tarayya a kai, wato ilimi, shi ne abin da aka koyar da su. Abin da suka bambanta a kai shi ne yanayin da kowa ya zo da shi, da yadda ya sarrafa shi.

Shi kansa Shehu, ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya bayyana a cikin Ida'un Nusuhi cewa ya lazimci wani malami daga cikin iyayensa na dangi, Usmanu Binduri, kusan shekara biyu, yana koyi da shi a tsoron Allah da umurni da kyakkyawa. Wanda ya ce Shehu ya biyo wannan ɗan'uwan iyayen nasa bai yi ƙarya ba, amma biyowar ta zama ce da niyya, ba ta jini kaɗai ba.

6.8 Abin da ke Wuyan Malami

Sabon malamin da aka tura wata firamare a ƙasar Kebbe ko Tambuwal ba zai yi mako guda ba sai an karanta masa tarihin ajinsa. Wani abokin aiki zai ce masa: "Malam, kada ka wahalar da kanka a kan wancan, gidansu ba su karatu." Wata uwa za ta kawo ɗanta ta ce: "Malam, ga shi nan, taurin kan kawunsa gare shi, sai da bulala." Masu faɗin haka ba mugunta suke nufi ba, suna ganin taimako suke yi. Haɗarin shi ne malami ya karɓa.

A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a Amurka. Sun zaɓi wasu yara ba bisa wani ma'auni ba, suka gaya wa malamansu cewa waɗannan za su yi fice a bana. A ƙarshen shekara, yaran, musamman na aji ɗaya da na biyu, sun fi takwarorinsu ci gaba. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai girman da aka fara zato ba, amma yana nan, kuma ya fi ƙarfi a kan yaran da dama ake yi wa kallon raini. Hanyar da yake bi ba ɓoyayya ba ce. Yaron da malami ke kyautata wa zato shi ake yawan tambaya, shi ake jira ya yi tunani, shi ake gyara wa kuskure da sakin fuska. Wanda aka ce gidansu ba su karatu yana can layin baya, ba a tambayarsa, in ya yi shiru kuma shirun ya zama hujja. A haka maganar da kaka ta yi cikin wasa ranar barka take zama gaskiya bayan shekara goma, sai a ce ai dama an faɗa, hali zanen dutse.

Ba a neman malami ya ƙaryata iyaye ko ya raina saninsu. Uwa ta fi kowa sanin cewa ɗanta ba ya son hayaniya, ko ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma wannan sani yana da amfani ƙwarai. Abin da ake nema shi ne ya karɓi bayanin ya ajiye hukuncin. Idan aka ce yarinya ta ɗauko ƙyuyar innarta, malami ya fahimci cewa mai jinkirin sabo ce: kada ya tsayar da ita gaban aji a makon farko, ya fara da tambayarta a cikin ƙaramin rukuni, ya ba ta lokaci. Idan aka ce yaro ya kwaso ƙiriniyar baffansa, a ba shi aikin da ke buƙatar motsi, kamar rabon littattafai da share allo, maimakon a yini ana dukansa don ya zauna. Mai saurin fushi a koya masa abin da zai yi idan ransa ya ɓaci, tunda ba za a iya hana ran ɓaci ba. A cikin rahoton ƙarshen zango kuma a rubuta abin da yaro ya aikata da abin da yake buƙata, ba abin da ake cewa shi ne ba. Haramun ne a aikin malanta a zagi yaro da gidansu ko sana'ar iyayensa, ko a bar sauran yara su ƙaurace masa saboda camfin maita.

Darasin Hausa kansa fili ne na wannan aiki. Malamin da ke koyar da karin magana yana iya rubuta "hali zanen dutse" a gefe ɗaya na allo, ya rubuta "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" a ɗaya gefen, ya bar ɗalibai su yi muhawara a kan yadda al'umma ɗaya ta haifi maganganun biyu, da lokacin da ake jawo kowace. Za su gano da kansu cewa ta farko an fi faɗinta a kan babban da aka gaji da shi, ta biyu kuwa a kan yaron da ake da buri a kansa.

6.9 Jinga

1. Bambance tsakanin halin halitta da halin tarbiyya, tare da misalai daga maganganun da ake yi a gidan barka.

2. Tattauna da tsofaffin mata biyu a garinku a kan alamomin da suke gane halin jariri da su. Rubuta amsoshinsu da karin harshensu, ba tare da ambaton sunan kowa ba, sa'annan ka ware waɗanda suka dace da abin da aka karanta a 6.5 da waɗanda suka saɓa.

3. A lokacin gwajin koyarwa, wata uwa ta ce maka ɗanta ya gado daƙiƙancin dangin ubansa. Rubuta amsar da za ka ba ta, cikin ladabin da ya dace da matsayinta.